Hutun hunturu a Ingila: in zaga gidajen abokai ko in zauna a ɗakina?

Tambayar ta fito daga wani ɗan'uwa da ke digiri na biyu a Leeds. Ya ce: "A Satumba na zo, ga shi muna ƙarshen Nuwamba. Za a ba mu hutun Kirsimeti na kusan sati uku, 'yan gidanmu duk za su watse. Ina da abokai a Landan da Birmingham da Glasgow, wani a Paris, wani a Dublin, kowa ya ce in zo. Fasfona na Najeriya ne, kuɗina kuma ba yawa. Zan iya zaga su duka? Me ya kamata in sani?"

Ƙanena, ka tafi. Zaman ɗaki kai kaɗai na sati uku, a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, ba abu ne da zan so wa wanda bai yi wata huɗu da barin gida ba. Amma garuruwa biyar ba za su yiwu ba. Biyu daga ciki takarda ce za ta hana ka, sauran ukun kuma, in ba ka yi hattara ba, za ka dawo da gajiya da bashi, ka bar masu masaukinka da nasu bashin.

Bari mu fara sallamar Paris. Bizarka ta karatu ta Birtaniya ce kawai, ba ta shigar da kai Faransa. Sai ka nemi bizar Shengen, wadda ke aiki a ƙasashe 29 na Turai. Kana da damar nemanta daga nan Ingila tun da kana zaune bisa ƙa'ida, kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, ban da na kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci, irin su TLScontact da VFS Global. Za a nemi wasiƙa daga jami'arka, bayanan asusun bankinka na 'yan watannin baya, tikitin zuwa da dawowa, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. A ƙa'ida ana ba da amsa cikin kwana 15, amma dokar ta ba su dama su kai har kwana 45. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne samun ranar da za su je su miƙa takardun a ɗauki hoton yatsunsu, domin daga Oktoba ake wawashe guraben Disamba. Wanda ya tashi nema a ƙarshen Nuwamba, ko dai ya rasa, ko ya samu a makare har fasfonsa ya kwana a hannunsu ranar da jirginsa ya tashi.

Akwai kuma wani abin da abokinka na Paris mai yiwuwa bai faɗa maka ba, don shi ma bai sani ba. A Faransa, in a gidan mutum za ka sauka ba a otal ba, wasiƙar "ka zo ina jiranka" ba ta wadatar. Sai shi mai masaukin ya je ofishin magajin garin unguwarsu ya karɓo wata takarda da ake kira attestation d'accueil. Zai nuna takardar hayarsa da shaidar abin da yake samu, ya sayi kan sarki na yuro 30, sannan ya aiko maka da ainihin takardar ta gidan waya. Hukuma na iya hana shi in ta ga ɗakin ya yi ƙanƙanta, kuma da yawa daga ɗakunan ɗalibai na gwamnati a can mita tara murabba'i ne, gado da tebur sun cinye rabi. Ka bar Paris sai hutun Ista, ka fara neman gurbi tun Janairu. A lokacin rana ta yi tsawo, garin ma ya fi daɗin gani.

Dublin kuwa ina jan kunnenka a kanta sosai, domin a nan ake yaudarar sababbin zuwa. Jamhuriyar Ailan, inda Dublin take, ba ta cikin Birtaniya, ba ta kuma cikin Shengen, bizarta daban ce. Wani zai ce maka ka hau jirgi zuwa Belfast, wadda ke cikin Birtaniya, daga nan ka shiga bas na awa biyu zuwa Dublin, ai babu shinge a hanya. Gaskiya ne babu shinge. Amma yarjejeniyar zirga-zirgar da ke tsakanin ƙasashen biyu ta 'yan ƙasarsu ce, ba ta mai fasfon Najeriya ko Nijar ba, kuma jami'an Ailan suna tare bas su duba takardu. In aka sauke ka, tarihin ya shiga kundi, kuma fom ɗin biza na ƙasashe da yawa yana tambayar ko an taɓa hana ka shiga wata ƙasa. Tuwon kwana biyu a gidan aboki bai kai wannan ba.

Saura uku. A kansu shawarata ita ce ka zaɓi biyu, kuma ka gina tafiyar a kan ranakun 24, 25 da 26 ga Disamba, ba a kan taswira ba. Ranar 25 jirgin ƙasa ba ya tashi a Birtaniya. A Landan jirgin ƙarƙashin ƙasa da jajayen bas-bas ɗin nan duk a ajiye suke. Ranar 24 jirage suna tashi daga aiki da wuri, ranar 26 kuma 'yan kaɗan ne ke fitowa a wasu layuka. Manyan shaguna a Ingila doka ce ta hana su buɗewa ranar Kirsimeti, sai ƙananan kantunan unguwa, waɗanda da yawa na 'yan Pakistan da Turkawa ne. Motocin National Express da FlixBus sukan yi wasu hanyoyin a ranar, amma kujerun ba su da yawa, in ka sauka a tasha kuma sai tasi mai tsadar gaske. Tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ne kuma ake gyaran layin dogo, saboda masu zuwa aiki sun ragu, sai ka ga tafiyar awa biyu ta koma huɗu, rabinta a bas. Saboda haka duk inda ka ga dama ka kasance, ka isa ranar 22 ko 23, ka zauna daram sai 27. In Glasgow ka sa a ƙarshen tafiyar, ka sani a Sikotland 1 da 2 ga Janairu duk hutu ne, bikin sabuwar shekara ya fi Kirsimeti ƙarfi a wurinsu, sufuri kuma yana ja baya a ranakun.

Batun kuɗin mota ba shi da wuya. Ka sayi katin ragin jirgin ƙasa na 'yan shekara 16 zuwa 25, wanda ke zaftare kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Ko ka wuce 25, muddin cikakken ɗalibi ne kai, jami'a za ta sa maka hannu ka samu. Tikitin da aka saya tun da wuri don jirgi takamaimai ya fi araha nesa ba kusa ba, sai dai in ka makara ya tafi da kuɗinka. Leeds zuwa Landan awa biyu da 'yan mintuna ne a jirgi, a bas kuma ya ninka, kuɗin kuma ya ragu ƙwarai. Idan jirgi ya yi latti, kamfanin yana mayar da wani ɓangare na kuɗi, wasu daga minti 15 wasu daga minti 30, amma sai ka nema da kanka. Kada ka jefar da tikitin.

Yanzu ga inda nake son ka ba ni hankalinka, domin nan ne abota ke lalacewa ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

A gida, baƙo in ya sauka, ana shimfiɗa masa tabarma a zaure ko a shagon samari, a ƙara tafin gari a tukunya, shi ke nan, ko wata zai yi. Da wannan tunanin muke zuwa, da shi kuma abokinka ya ce maka "ka zo mana, gidanka ne". Da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma "gidan" ɗaki ɗaya ne a cikin gidan haya da yake rabawa da mutum huɗu ko biyar da ba su san ka ba, banɗaki ɗaya, kicin ɗaya, firji an raba wa kowa hawa ɗaya. In a ɗakunan jami'a yake, akwai iyakar daren da baƙo zai kwana, yawanci biyu ko uku, kuma sai an rubuta sunansa. In gidan haya ne, takardar hayar tana da sharaɗi a kan baƙi, kuma maƙwabcin ɗaki ɗaya da ya gaji da layin banɗaki ya isa ya aika wa mai gida saƙo. Kai za ka koma Leeds, shi zai zauna da su har ƙarshen shekara.

Ga abin da yakan faru. Ɗalibin da ke digiri a nan awa 20 ne kawai aka yarda ya yi aiki a sati lokacin karatu, a hutu kuma yana iya yin cikakken aiki. Wato waɗannan satuttukan ukun su ne kakarsa, a ciki yake haɗa kuɗin haya da cikon kuɗin makaranta. Sai ya fita aikin dare a rumbun kaya ko gidan kula da tsofaffi, ya dawo ƙarfe bakwai na safe ƙafafunsa sun kumbura, ya tarar da baƙonsa a miƙe a kan katifar iska da ta cika tsakar ɗakin, hita tana ta aiki tun jiya, 'yar mitar da ke kan tebur tana nuna kuɗin da suka ƙone, tukunyar shinkafar da ya dafa don ta kai shi kwana uku an ga gindinta. Yana son ya kwanta, baƙo ya farka yana son a kai shi ya ga fadar Buckingham. Ba zai ce komai ba, Bahaushe ne, kunya ba za ta bar shi ba. Murmushi zai yi ya ce "ba komai wallahi". Badi in ka kira, wayar za ta yi ta ringin.

Maganin abin yana hannunka, ba a hannunsa ba. Ka kira shi tun yanzu, ba saƙo ba, ka tambaye shi kai tsaye: yaushe kake aiki, dare nawa zan iya yi ba tare da na jawo maka magana ba, 'yan gidanku sun sani? Ka faɗi ranar zuwa da ranar tafiya, ka turo masa hoton tikitin komawa, don hankalinsa ya kwanta ba sai ya tambaya ba. Ko a addini liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru sadaka ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. Dare uku a wuri ɗaya ya isa. Inda za ka yi ranakun Kirsimeti ne kawai zai ɗan zarce, shi ya sa wannan wurin ya kamata ya zama na wanda ya fi kowa fili, ba wanda ka fi so ba.

Kuɗi kuma kada ka miƙa masa a hannu, ba zai karɓa ba, sai dai ku yi ta ja-in-ja a bakin ƙofa. Washegarin saukarka ka ce ya raka ka shagon halal, ka sayi kaji da shinkafa da mai da tumatir, ka biya kafin ya zaro katinsa. In mitar gidan ta kati ce, ka karɓi katin ka je kanti ka loda. Ka yi girki ranar da yake aiki, ka wanke kwanuka nan take, domin tulin kwanuka a wurin wanki shi ne abin da ya fi haɗa faɗa a gidajen haya na nan. Buta kuma, ka yi amfani da ita ka goge ƙasan banɗaki tas kafin ka fito. Ruwa a ƙasa abu ne da maƙwabta ba sa yafewa, alwala a kwamin wanke fuska ma sai ka bi da tsumma. Hirar dare da 'yan gida a waya, da muryarmu da Allah ya hore mana, ka tuna bangon katako ne. Turaren wuta yana tayar da ƙararrawar hayaƙi ya fito da gida gaba ɗaya waje cikin sanyi, gawayi kuwa a ɗaki rufaffe kisa yake yi, ba wasa ba.

In abokin mai iyali ne, nauyin ya koma kan matarsa. Ba ta da 'yar aiki, ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za ta miƙa wa yaro, makarantu kuma suna hutu. Ka zo wa yara da tsaraba, ka kwashe su zuwa wurin wasa awa biyu ta samu ta numfasa, ka gaishe ta da aiki da bakinka. Kuma don Allah kada ka iso da wani a bayanka kana cewa "ga abokina, shi ma ba shi da inda za shi". Wannan a nan ba kara ba ce, ɗora wa mutum abin da bai shirya ba ne.

Tsaraba ta tuna mini da kilishi. Tsakanin Leeds da Landan ka ɗauki abin da ka ga dama. Amma ranar da za ka tsallaka Turai, ka sani tun Janairun 2021 an hana matafiyi shiga Tarayyar Turai daga Birtaniya da nama ko madara da dangoginsu, kilishi da dambun nama da man shanu duk suna ciki. Yaji da kuka da daddawa su ne tsarabar da ba ta da faɗa, kuma wanda ya shekara a nan ya san darajarsu.

Salla tana buƙatar lissafi a wannan watan. Wajen 21 ga Disamba, a Landan rana tana fitowa misalin ƙarfe takwas ta faɗi kafin huɗu. A Glasgow sai tara saura kwata take leƙowa. Azahar tana shiga wajen sha biyu, La'asar wajen ɗaya da rabi, Magariba kafin huɗu. Salloli uku cikin awa huɗu ke nan, wanda ya shiga bas ƙarfe sha ɗaya zuwa Landan ba zai sauka ba sai wajen Magariba. Tafiyarka ta wuce mil 48 da malamanmu na Malikiyya suka ƙayyade, saboda haka kana da kasaru, kana da damar haɗa Azahar da La'asar a hanya. In ka yi niyyar zaman cikakkun kwana huɗu a gari, kasaru ta yanke, sai ka cika. Ni dai nakan ce wa ɗalibai su ɗauki motar asuba ko ta bayan Magariba, su fita da alwala. In Juma'a ta same ka a Landan, ka je masallacin Old Kent Road na ƙungiyar Musulmin Najeriya, daga nan unguwar Peckham ba nisa, inda za ka sami doya da manja da busasshen kifi. Masallacin Gabashin Landan a Whitechapel ma ya cancanci ziyara, Birmingham da Glasgow kuma kowanne yana da babban masallacinsa.

Mai yiwuwa wani ɗan ajinku Bature ya gayyace ka cin abincin Kirsimeti a gidansu. Hukuncin zuwa tsakaninka da malamanka ne. Abin da zan ce, in za ka je, ka faɗa musu abin da ba ka ci tun sati guda kafin ranar, ba a kan tebur ba, domin uwar gidan ta daɗe tana shiri. Talo-talo ne babban nama, amma a gefensa akwai 'yan tsiran alade da ake naɗewa da wani naman aladen, romon da ake zubawa wani lokaci da giya a ciki, baƙin kek ɗin da ake kawowa a ƙarshe kuma barasa ake kwarara masa a kunna wuta. Sun saba da masu cin ganye zalla, in ka ce a sa ka a layinsu ko a yi maka kifi ba za su ji komai ba. Kada ka je hannu rabbana, ko kwalin cakulan ne ka riƙa.

Sanyin nan jiƙaƙƙe ne, ruwa da iska sun fi dusar ƙanƙara yawa. Riga ɗaya mai kauri ba ta yi. 'Yar ciki mai riƙe ɗumi, suwaita, sannan babbar riga da ruwa ba ya ratsawa, da takalmi mai kama ƙasa, domin da safe ƙanƙara takan kwanta a kan titi ba a ganinta. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji suna da riguna masu kyau da araha. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D, maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuma duk shekara. Ka sa magungunanka da cajar waya a jakar hannu. In rashin lafiya ta taso a garin da ba likitanka, 111 ake kira. 999 na gaggawa ne.

Ko a cikin Birtaniya kake yawo, ka riƙe fasfonka a jikinka. Katin izinin zama na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu bizar tana intanet, a asusunka na hukumar shige da fice. Ka shiga ka tabbatar lambar fasfonka ta yi daidai kafin ka bar Leeds, ba sai wani ya tambaye ka a tasha kana neman lambar sirri ba.

Ɗakinka ma yana buƙatar sallama. Tun da 'yan gidanku duk za su watse, kada wanda ya fita ƙarshe ya kashe hita gaba ɗaya don tsimi. Ruwa yana daskarewa a bututu ya fasa shi, ku dawo ku tarar da silin a ƙasa, mai gida kuma ya cire a kuɗin ajiyarku. Ku bar ta a ƙasa-ƙasa, ku kwashe abin da zai ruɓe a firji, ku fitar da shara, ku rufe tagogi, kwamfuta kuma ka tafi da ita, domin ɓarayi sun san unguwannin ɗalibai fayau suke a wannan lokacin. Ka duba jadawalinka tun yau: yawancin masu digiri na biyu suna da jarrabawa ko aikin da za su miƙa a Janairu, kuma a ɗakin aboki, kan katifar iska, ba a rubuta shafi ko ɗaya. Ka sayi tikitin da zai dawo da kai Leeds ranar 29 ko 30 ga Disamba, in ya yi nisa 3 ga Janairu.